Ganyen da Ya Ƙi Yanƙwanewa

In ka shiga cibiyar binciken tsirrai ka ce kana neman Baban Ganye, ko mai shara zai nuna maka ƙofarsa, ita ce ta ƙarshe a hannun hagu, kusa da tankin ruwan sha. Yana da sunansa na gaskiya mana, har da Dakta a gaba, amma a jikin katin shaidar aiki kaɗai sunan ya rage. Dogo ne, siriri, tabarau a karan hanci, ga wata tafiya tasa ta gaggawa kamar wanda ya bar tukunya a wuta.

Aikinsa auna ganye. Kar ka yi dariya, aiki ne, kuma da shi ya raini 'ya'ya huɗu. Cibiyar tana neman irin waken da zai jure ƙarancin ruwa. Can a gonar gwaji, nesa da gari sosai, akwai wata rumfa cike da tukwane, kowace da lambarta. A shuka wake, a shayar da shi, in ya yi kyau a ɗauke masa ruwa a ga wanda zai yi ƙarko. Shi kuwa wake in ya ji ƙishi ganyensa ne ke fara tona masa asiri, sai ya daina faɗi, ya yanƙwane. Don haka duk mako mai kula da rumfa yakan shimfiɗa farar takarda a bayan kowane ganye, ya ɗauki hoto, ya sa wa hoton lambar tukunya, ya turo wa Baban Ganye ta waya. Ita kuma wayar, duk hoton da ya shigo mata sai ta zube shi a jaka guda cikin kwamfutar ofis.

Daga nan wahala take farawa. Sai ya buɗe hoto a manhajar aune-aune, ya kama linzamin kwamfuta, ya zagaye gefen ganye a hankali, ya danna, manhaja ta faɗa masa faɗin ganyen, ya rufe, ya buɗe na gaba. Da can da takarda mai layi-layi da fensir yake yi, da kwamfuta ta zo ya ɗauka hutu ya samu, ashe fensir ne kawai ya canja kama. Daga safe har lokacin tashi, ƙas, ƙas, ƙas. Yatsansa manuni har ya yi kanta, in yana barci matarsa ta ce yakan danna filo.

Abin da ke cin ransa ba dannawar ba ce. Ritaya ce ta ƙwanƙwasa masa ƙofa, wannan gwajin shi ne na ƙarshe da zai gani, kuma a shekara talatin da ɗoriya bai taɓa gano komai ba. Ko ɗaya. Abokan karatunsa wannan ya fito da irin masara, wancan ya gano maganin wata ƙwaro, shi kuwa in an tashi yabonsa sai a ce, "Baban Ganye akwai haƙuri." Ya tsani wannan kalma. So yake kafin ya miƙa makullin ofis a ce ga abu ɗaya, komai ƙanƙantarsa, wanda ba don shi ba da ba a san da shi ba.

Yana da wani ɗan buri da ya ɓoye. Wata shekara da aka daɗe ba ruwa, ya ga wani wake ya fito ta tsagin siminti a inda ake ajiye motoci, kore shar, babu mai ba shi ko ɗigo. Ya tsugunna ya tsinci 'ya'yansa, ya aika rumfa ya ce a shuka masa a tukunya guda a can ƙarshen layi. Da yake ba ta cikin tsarin gwajin, ba a ba ta lamba ba. Shi ya raɗa mata suna Tsintacciya.

Ofishin da ke jikin nasa na wata mata ce da ake kira Mai Lissafi, ita ke tace alƙaluman kowa a cibiyar. Gajeriya ce, ba ta da ɓoye-ɓoye, kuma bangon da ya raba su na katako ne. Wata Talata ta banko ƙofarsa ba sallama.

"Dakta, don Allah don Annabi, wannan ƙas-ƙas ɗin zai haukata ni. Jiya a gida na ji agogo yana bugawa na ce masa sannu da aiki."

"To ya zan yi, Malama? Ganye ba zai auna kansa ba."

"Matsa."

Ta ja kujera ta zauna, ta nuna masa wani ɗan jan maɓalli a kusurwar manhajar, wanda ya yi shekaru yana gani bai taɓa tambayar amfaninsa ba. Ta danna shi, ta ce ya auna ganye ɗaya yadda ya saba. Ya auna. Sai ga wata taga ta buɗe a gefe, duk abin da hannunsa ya yi ya fito a rubuce, layi bayan layi: buɗe hoto, ware abin da ba fari ba, auna shi, ajiye sakamako, rufe.

"Ka ga hannunka nan ya koma rubutu," in ji ta. "Wannan shi ne rubutun umarni. Yanzu sai mu ƙara masa layi guda a sama, mu ce ya maimaita wannan a kan duk hoton da ke cikin jakar."

Ta rubuta, ta buga maɓalli ɗaya, ta harɗe hannu. Hotuna suka fara wucewa fit-fit-fit, ido ba ya iya bin su. Kafin shayin da ke kan teburinsa ya huce, aikin sati ya ƙare.

Baban Ganye ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya dubi allon, ya dubi yatsansa. Sai ya miƙe tsaye, kujera ta kife, ya ce, "Kai! Kai! Kai!" Ya fita baranda da gudu, mutum mai jika, yana buɗe ƙofofin mutane yana cewa su zo su ga ikon Allah. Ya kamo mai binciken ƙasa da hannu ɗaya, ya kamo direban cibiya da ɗayan, ya ce Mai Lissafi ta sake. Ta sake. Ya ce a ƙara. Sau biyar aka auna ganyen wannan satin, kuma duk lokacin sai ya yi tafi shi kaɗai.

Da aka watse ya zare igiyar linzamin, ya naɗe ta, ya ɗaga shi sama kamar ya kama ɓeran da ya daɗe yana masa ɓarna.

"Ni da kai mun rabu," in ji shi. "In na sake taɓa ka a ce ba ni ba ne."

Ya jefa shi a aljihun tebur na ƙasa, ya rufe da ƙafa.

Daga ranar Baban Ganye ya zama abin kallo. Wanda ya koyi abu da tsufa ai ba a zama kusa da shi. Ya koyi sa wa kwamfuta sharaɗi, in kaza ne yi kaza. Ya koya wa rubutun ya karanta lambar tukunya daga sunan hoto, ya ɗauki ganye mafi faɗi na kowace tukunya a kowane mako, ya zana layin girmanta. Da ya zo kan Tsintacciya ya ɗan yi tunani, sai ya yi murmushin ƙwararre: tunda ita kaɗai ce ba ta da lamba, duk hoton da ya zo ba lamba nata ne. Ya rubuta haka. Ya kuma ƙara layin da ke kwashe hotunan da aka gama da su zuwa babbar ma'ajiyar cibiya, ya share su daga wayar, don kullum kuka take ta cika. Ranar da wannan ya yi aiki sai da ya taka 'yar rawa a bakin tankin ruwa, sakatariya ta gan shi, ta bazama da labari.

Lokacin da ya samu fa? Da mutum zai ce yanzu zai je gonar ya ga wakensa da idonsa, ko ya huta. Ina! Rubuta wani umarnin yake yi. Ya rubuta wanda ke canja launin zane, ya rubuta wanda ke gaishe shi da safe, ya rubuta wanda ke duba ko sauran sun yi aiki. Mai Lissafi ta rabu da ƙas-ƙas, ta samu ihu a madadinsa.

Ta leƙo wata rana ta ce, "Dakta, ka dai riƙa buɗe hoto biyar ko goma duk mako kana kallo da idonka. Rubutu ba ya ganin abin da yake aunawa. Abin da ka ce masa kawai ya sani."

"Malama, ido ai shi ya ɓata mini shekara talatin."

"Na dai faɗa maka."

A gida ma ba a tsira ba. Matarsa, wadda yake kira Maman Auta, tana wanke-wanke zai tsaya a ƙofar kicin ya ce da za ta yarda da ya tsara mata aikin: ɗauki kwano, wanke, ɗauraye, kife, maimaita har kwanuka su ƙare.

"To Malam, ga soso," in ji ta. "Maimaita."

Sai ya tuna yana da abin dubawa a ɗaki.

A wannan shekarar ce Auta, ƙaramar 'yarsu kuma 'yar gaban goshinsa, ta haifi ɗanta na fari a wani gari mai nisa inda mijinta ke aiki. Ya je ya gan shi sau ɗaya yana ɗan tsumma, ido a rufe, ya kwana biyu ya dawo saboda gwaji. Tun daga nan Auta ta ɗauki wata ɗabi'a. Duk ƙarshen mako sai ta shimfiɗa farin zanen gadon da uwarta ta ba ta, ta kwantar da yaron a tsakiya, ta hau kan kujera ta ɗauke shi hoto daga sama, wai don a riƙa ganin yadda yake girma. Ta tura wa uwarta, ta tura wa ubanta. Da yamma sai ta kira.

"Baba, ka ga hoton abokinka?"

"Na gani, na gani, tubarkalla. Ya girma."

"Wa yake kama?"

"Kai, ni mana. Ke Auta, kin san yau na sa kwamfuta ta..."

Bai gani ba. Ba mugunta ba ce, kullum niyyarsa in ya ɗan samu sarari zai zauna ya kalle su a tsanake, amma kafin ya waiwaya wayar ta zama fayau, sai ya ce wataƙila bai shigo ba, na mako mai zuwa zai gani. In Maman Auta ta miƙo masa tata wayar tana cewa, "Zo ka ga angona, ya fi ka kyau," sai ya ce ai ya gani a tasa, idonsa na kan allon kwamfuta. Ita kuma ta ce kishi ne ke damunsa, ta ci gaba da yi wa hoton wasa.

Aka ɗauke wa wake ruwa. Mako ya bi mako, layukan da ke kan zanen suka fara sunkuyawa ɗaya bayan ɗaya, yadda suke yi duk shekara. Baban Ganye ya san wannan sunkuyawar kamar yunwar cikinsa. Amma bana akwai layi ɗaya da ya ƙi. Yana can sama shi kaɗai, yana hawa a hankali, babu gargada, babu ja da baya. A ƙarshensa an rubuta Tsintacciya.

Ranar da ya lura, bai yi ihu ba. Rufe ƙofa ya yi, ya zauna. Ya sake sa rubutun ya yi aikin daga farko. Layin yana nan. Ya kira mai kula da rumfa.

Shi kuwa wannan bawan Allah mutumin kirki ne, amma ba ya son ba da labari mara daɗi, ko gobara ce ta tashi a bayansa in ka tambaye shi zai ce lafiya lau.

"Yaya Tsintacciya?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe."

"Tana nan da ranta?"

"Tana nan daram."

"Ba ka dai ba ta ruwa a ɓoye?"

"Haba yallaɓai, ko ɗigo."

Baban Ganye ya ajiye waya, ya buɗe taga ya gaishe da wani mai keke da bai sani ba. Ranar ya saya wa kowa a barandar lemon kwalba. A hanyar gida yana tuƙi yana waƙa, har ɗan sandan hanya ya leƙo ya dube shi. Ya shiga gida ya kama hannun Maman Auta ya juya ta a tsakar falo, ita tana cewa ya sake ta, girki zai ƙone, tana dariya.

"An samu, Maman Auta. An samu!"

"Me aka samu?"

"Waken da ba ya jin ƙishi. Ni na tsince shi, da hannun nan."

Ta dube shi, ta ga idonsa ya kawo ruwa, sai ta daina tsokana. Ita ta san shekarun da ya yi yana dawowa gida da kafaɗa a sake. Ta ce Allah ya tabbatar.

To, a nan mai hankali zai ce, me ya hana shi buɗe hoto ɗaya ya ga ganyen nan mai abin mamaki? Ya faɗa wa kansa dalilai. Hotunan suna can babbar ma'ajiya, nemo su aiki ne. Ya yi rantsuwa a kan linzami. Lissafi kuma ba ya ƙarya. Amma gaskiyar magana tsoro yake ji. Sau nawa a rayuwarsa ya ga abu ya yi kamar zai zama wani abu, da ya sake dubawa ya tarar inuwa ce ko kuskuren awo? Wannan karon ba ya son sake dubawa. Yana son layin nan ya zauna yadda yake, yana hawa, ko da na 'yan makonni ne. Sai ya ce a ransa, a bari sai ranar taro, kowa ya gani tare.

Ranar taron cibiya ta zo, wanda kowane sashe ke nuna abin da ya samu. Baban Ganye ya sa rigarsa mafi tsada, ya fesa turaren da rabonsa da shi tun auren Auta. Yana shirin fita daga ofis Mai Lissafi ta tare shi.

"Na yi maka 'yar kyauta. Na gyara zanen naka. Yanzu kowane ɗigo a jikin layi, in ka danna shi, hoton da aka auna zai buɗe. In da ni ce kai, zan gwada kafin in shiga."

"Babu lokaci, Malama. Allah ya saka."

Ɗakin taro ya cika, har da waɗanda ba sa zuwa, don labari ya riga ya zaga. Aka kashe fitilu, majigi ya haska bango. Ya fara da layukan da suka sunkuya, yana jan rai. Sannan ya fito da na Tsintacciya, ja wur, shi kaɗai a sama. Wuri ya ɗauki guna-guni. Mai binciken ƙasa ya ce, "Tirƙashi." Shugaban cibiya ya gyara zama, ya cire hula ya ajiye a kan tebur.

"Dakta, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mu ga ganyen."

Baban Ganye ya dubi linzamin da ke kan teburin taro. Ya ɗaga hannu sama don kowa ya gani.

"Jama'a, kun san na yi rantsuwa ba zan sake taɓa wannan abu ba. Yau zan karya, don ranar ta kai."

Aka yi dariya, aka tafa. Ya kai kibiya kan ɗigon ƙarshe, mafi tsayi, ya juyo ya fuskanci mutane don ya ga fuskokinsu, ya danna. Ƙas.

Sai sakatariya ta saki wata ƙara, ta toshe baki. Daga nan wuri ya kaure. Mai binciken ƙasa ya kife kai a tebur yana dukansa da hannu. Direba ya zame daga kujera. Shugaba yana ƙoƙarin riƙe girma, kafaɗunsa na rawa, har ya haƙura ya saki. Baban Ganye ya juya ya dubi bango.

Jariri ne. Ƙato, mai kumatu, kwance a kan farin zanen gado, ya kamo ƙafarsa da hannu biyu ya cusa babban yatsa a baki, yana kallon duk ma'aikatan cibiya da ido tar. Manhaja ta zagaye shi tsaf da jan layi, daga kai har diddige, ta rubuta faɗinsa a gefe.

"Tubarkalla!" wani ya yi ihu daga baya. "Wannan iri a ba mu mu shuka!"

"Lallai ba ya jin ƙishi," in ji wata, "dubi wuya!"

Abin bai ɗauke shi lokaci ba ya gane. Hoton da ba lamba, farin shimfiɗa, ware abin da ba fari ba, ɗauki mafi faɗi. Rubutun bai yi kuskure ko ɗaya ba, abin da ya ce masa ya yi. Mai Lissafi ta miƙo hannu a hankali ta buɗe wani hoton mara lamba na wannan makon, wanda rubutun ya tsallake saboda ƙanƙanta. Ga Tsintacciya ta gaskiya nan, 'yan ganye biyu a murɗe, tana nan da ranta kamar yadda mai rumfa ya ce, amma ba ta fi sauran da komai ba.

Ya ji zafin abin har ƙashinsa. Shi ke nan, babu wake, babu suna, gwaji na ƙarshe ya tafi yadda na baya suka tafi. Da ƙasa za ta tsage da ya shige. Amma hannunsa na kan linzami har yanzu, kuma yatsan da ya yi shekaru yana dannawa bai tsaya neman izini ba. Ya koma ɗigon farko na layin, can ƙasa, ya danna.

Ɗan tsumma, ido a rufe, hannu a dunƙule, yadda ya baro shi. Ya danna na gaba. Ido ya buɗe. Na gaba, ya sa wata 'yar hula mai kunnuwa. Na gaba, yana kuka, baki kamar ƙofar gari. Na gaba, murmushi, ga wani ɗan lotsawa a kumatun hagu, irin na Auta sak tana ƙarama. Ƙas, ƙas, ƙas. Ya manta da mutane. Dariyar ta lafa da kanta, aka koma "ayya" da "Allah ya raya," mata suka matso gaba. A ɗigo na kusa da ƙarshe yaron ya wangale baki, wani ɗan farin abu ya leƙo a dasashin ƙasa. Baban Ganye ya ƙara girman hoton har bakin ya cika bango.

"Haƙori," in ji shi a hankali. "Ya yi haƙori."

"Jikanka ne, Dakta?" in ji Shugaba yana share ido.

"Jikana ne, ranka ya daɗe. Yau na fara ganin hotunan nan. Duk ɗinsu."

Sai dariya ta kama shi shi ma, irin wadda ke zuwa da hawaye, ya riƙe gefen tebur yana yi har tabarau ya zame. Ya ce a rubuta a rahoto cewa sashensa ya gano halitta guda da ke girma ba tare da kulawar Baban Ganye ba. Aka sake kaurewa.

Bayan an watse ya koma ofis, ya durƙusa ya buɗe aljihun tebur na ƙasa. Linzamin yana nan ya yi ƙura. Ya hure shi, ya goge da gefen rigarsa mai tsada, ya mayar da igiyar inda take. Mai Lissafi ta shigo, wannan karon har da sallama, ba ta ce "na faɗa maka" ba, ko da yake ana ganin kalmar na mata ƙaiƙayi a baki. Suka zauna tare suka ƙara wa rubutun 'yan layuka. Zai ci gaba da kwasar dubban hotuna shi kaɗai, amma duk inda ya ci karo da hoton da ba lamba, ko awon da ya fita daga na 'yan'uwansa, sai ya tsaya cak, ya buɗe hoton, ya jira mutum ya duba ya danna kafin ya wuce. Ta tambaye shi me za a rubuta a 'yar tagar da za ta fito. Ya yi tunani, ya ce a rubuta: Ka gani da idonka?

"Kin ga ƙas-ƙas zai dawo kenan, Malama."

"Kaɗan-kaɗan ba komai. Na ma fara kewarsa."

Da ta fita ya ɗauki waya. Kullum Auta ce ke kira, don haka da ta ɗauka muryarta a tsorace take.

"Baba, lafiya?"

"Lafiya lau. Ke Auta, yaushe abokina ya yi haƙori?"



"Ai tun makon da ya wuce, Baba. Na turo maka. Ka ce ka gani."

"Na ce. Ban gani ba, Auta, ko ɗaya ban gani ba sai yau. Hular nan mai kunnuwa wa ya saya masa? Kuma lotsawar kumatun nan taki ce, ba tawa ba, ƙarya na yi da na ce ni yake kama."

Ya ji ta ja hanci, sannan ta yi wata 'yar dariya da ba ta gama fita ba.

"Na sani, Baba. Tun tuni na sani. Duk wanda ya gan shi kumatun yake fara faɗa, kai kaɗai ne ba ka taɓa faɗa ba."

Baban Ganye ya ƙara manna wayar a kunne. Can ta bayanta ya ji wata 'yar murya tana gwalan-gwalan, ana buga cokali a kan wani abu.

"Ranar Asabar kar ki hau kujera," in ji shi. "Ki shimfiɗa zanen kawai. Ni da mamanki muna hanya, ni zan ɗauke shi."